Ɗamarar kare ta Front Range: tana rage ja, amma ba ta koyar da tafiya

Duk mai karen da ke jan igiya yakan samu kansa tsakanin ra'ayi biyu. Wasu na cewa a ƙyale shi ya ja, ai motsa jiki aka fito yi, ja kuwa aiki ne da ke gajiyar da shi. Wasu na cewa ranar da ka bari ya ja ka, ranar ka rasa iko da shi. Front Range, ɗamarar ƙirji ta kamfanin Ruffwear da ke garin Bend a jihar Oregon ta Amurka, kamar don raba wannan gardama aka yi ta, domin wurin maƙala igiya biyu gare ta: ɗaya a ƙirji don rage ja, ɗaya a gadon baya don tafiya a sake. Ɗamara ce mai kyau, ɗinkinta ya yi, kuma ba ta takura yawancin karnuka. Sai dai abu biyu ne ba ta yi. Ba ta koya wa kare daina ja, ba kuma don ja na gaske aka yi ta ba. Wanda ya saye ta da ɗayan biyun nan a ransa, kwalliya ba za ta biya masa kuɗin sabulu ba.

Ƙirarta ba ta da wuyar ganewa. Ɓangare biyu ne masu faɗi da cikon soso, ɗaya ya kwanta a gadon baya, ɗaya ya taso ta tsakanin ƙafafun gaba ya rufe ƙashin ƙirji. Maɗauri huɗu ne suka haɗa su, biyu ta gefen wuya, biyu ta bayan ƙafafun gaba, kuma kowanne ana iya tsuke shi ko a sassauta. Ana zura kan kare ta ramin wuya, a danna maɓallan roba biyu da ke gefen haƙarƙari, shi ke nan, ba sai an ɗaga masa ƙafa ba. Zoben baya na alminiyam ne. Na ƙirji kuwa ba ƙarfe ba ne, kunne ne da aka yi da kirtanin ɗamarar aka ƙarfafa shi. Akwai layukan da ke ƙyalli idan fitilar mota ta haska su, da ɗan aljihu na saka lambar shaidar kare don kada ta riƙa kaɗawa.

Girma biyar ake yin ta, kuma kewayen ƙirji ake bi, ba nauyi ba: XXS daga santimita 33 zuwa 43, XS daga 43 zuwa 56, S daga 56 zuwa 69, M daga 69 zuwa 81, sai L/XL daga 81 zuwa 107. A auna karen yana tsaye a kan ƙafa huɗu, ba yana zaune ba, domin zama na canja faɗin haƙarƙari. A zagaya tef ɗin awo ta inda ƙirjin ya fi faɗi, ɗan bayan ƙafafun gaba, a manna shi da fata idan karen mai gashi ne sosai. Idan awon ya faɗi a kan iyaka, misali 69 daidai, a gwada duka biyun in da hali. Babbar ta fi nisa da hammata amma ta fi juyawa, ƙaramar ta fi zama daram amma tana iya guga.

Yawancin ƙorafin da ake yi kan wannan ɗamara daga ɗauri yake tasowa, don haka a ba shi lokacinsa. A fara da maɗauran wuya. A laluba tsakiyar ƙirjin karen, za a ji wani ƙashi mai tsini da ya ɗan turo gaba. A kansa ya kamata mahaɗar maɗauran wuyan ta zauna. Idan ta hau sama ta kai wurin da ke da taushi a gindin maƙogwaro, an gudu ba a tsira ba, domin za ta shaƙe shi kamar yadda kwalar wuya ke yi. Idan ta sauka ƙasa da yawa, maɗauran za su kwanta a kan gaɓar kafaɗa su hana ta motsi. Daga nan a koma ga na ciki. Yatsu biyu a kwance su shiga tsakanin maɗauri da jiki, kada su kai uku. Ga matsakaicin kare, a samu ratar yatsu biyu zuwa uku tsakanin maɗaurin da bayan gwiwar ƙafar gaba. Tsawon hagu da na dama su zama ɗaya. Bambancin santimita biyu ma ya isa ya karkatar da ɗamarar gefe. Bayan tafiyar minti goma a tsaya a buɗa gashin hammata da yatsa. Fata ta yi ja, ko gashi ya fara kakkaryewa, alama ce ta guga. A sake duba ɗaurin duk mako, saboda maɗauran kan ɗan saki da kansu, musamman bayan sun jiƙe.

Me ya sa ma za a bar kwalar wuya? Domin duk ƙarfin jan yana taruwa ne a siririn layi a kan maƙogwaro da jijiyoyin wuya. Tarin nan da kare ke yi yana shaƙewa amma bai fasa ja ba, shi ne shaidar farko. Wani bincike da likitocin dabbobi na Jami'ar Wisconsin suka wallafa a 2006 ya nuna cewa matsin da ke cikin ƙwayar idon kare yana hauhawa idan ya ja da kwalar wuya, amma bai hau haka ba idan da ɗamarar ƙirji ya ja. Kare mai ciwon ido irin na hawan matsi, da ƙananan karnuka masu raunin maƙogwaro, da masu gajeren hanci irin su Buldog waɗanda dama numfashi ke ba su wuya, bai kamata a maƙala musu igiya a wuya ba idan suna ja. A nan Front Range ta cika aikinta, nauyin ya bazu a faɗin ƙirji, wuya ya huta.

Amma fa abin da ya sauƙaƙa wa kare zafin ja, ya sauƙaƙa masa jan. Masana daga Jami'ar Queensland ta Ostareliya sun auna wannan a 2021, suka ga karnuka sun fi ja da ƙarfi, sun kuma fi daɗewa suna ja, idan igiya na maƙale a bayan ɗamara kuma abinci na gabansu, fiye da yadda suke yi da kwalar wuya. Ba abin mamaki ba ne. Zoben baya yana sa igiyar ta miƙe daidai da ƙashin bayansa, ya sunkuyar da kai, ya kafa ƙafafun baya, ya tura ƙirji da dukan nauyinsa. Saboda haka wanda ya sa wa kare mai ja wannan ɗamara, ya maƙala igiya a baya, sannan ya ce ɗamarar ta ɓata masa kare, ba ƙarya ya yi ba, wurin maƙalawa ya kuskure.

Zoben ƙirji dabararsa daban ce. Da zarar karen ya yi gaba igiya ta miƙe, jan yana zuwa masa ta gefe, sai ƙirjinsa ya juyo wajen mai riƙe da shi. Ba ya samun abin da zai jingina nauyinsa a kai. Ga kare mai matsakaicin ja, bambancin a bayyane yake tun fitar farko. Ga ƙaƙƙarfan kare mai nauyin kilo 30 ko fiye wanda ya shekara yana ja, da sauran rina a kaba: ɗamarar kan zame ta koma gefe, ɓangaren ƙirjin ya shige hammata, shi kuma ya koyi tafiya a karkace yana ci gaba da ja. Wannan shi ne babban aibin Front Range, kuma laushin da ya sa take da daɗin sawa shi ya jawo shi. Maganinsa igiya mai ƙugiya biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, a maƙala guda a ƙirji guda a baya. Ta baya ce ke ɗaukar nauyi idan ya zabura, ta gaba kuma juya shi kawai take yi. Haka nan a riƙe igiyar ƙirji ba tare da ta yi lilo har ƙasa ba, in ba haka ba ƙafar gaba za ta riƙa tsallake ta tana sarƙewa.

To, a bar shi ya ja ko a hana? Kare ba don raini yake ja ba. Tafiyarsa ta ɗabi'a ta fi ta mutum sauri. Mutum na cin kimanin kilomita biyar a awa, matsakaicin kare kuwa sassarfa ce tafiyar da ta fi masa daɗi. Sannan ja yana biya masa buƙata: ya ja, ya isa gindin bishiyar da yake son shinshinawa. Duk takun da ka yi igiya na miƙe, lada ka ba shi. Abin da ya fi ɓata tarbiyya kuwa shi ne tufka da warwara, yau a hana, gobe ana sauri a ƙyale. Karen da ja ke yi masa aiki jefi-jefi ya fi wanda yake yi wa aiki kullum naci, domin ya koyi cewa idan ya dage ƙarshe za a bi shi. Don haka ba laifi ba ne kare ya ja, laifin shi ne ya ja ba tare da ya san yaushe aka yarda ba. Kare yana iya bambanta yanayi biyu sarai idan alamominsu sun bambanta: kayan da aka sa masa, wurin da igiya ta maƙale, da kalmar da aka faɗa.

A tafiyar yau da kullum da wannan ɗamara, doka ɗaya ce, igiya ta miƙe tafiya ta tsaya. A yi amfani da igiya mai tsawon mita biyu ko kusa da haka, marar roba. Mai gajarta ƙwarai kullum a miƙe take, karen ba zai taɓa sanin yadda sakakkiyar igiya take ba. A fara a wurin da babu abin ɗauke hankali, minti biyar zuwa goma, sau biyu a rana, da guntayen abin da karen ke so waɗanda ba su wuce kan ɗan yatsa ba, kamar talatin zuwa arba'in, a kuma rage daidai wannan daga abincinsa na ranar. Idan yana tafe a gefenka igiya a sake, ka faɗi kalma guda, "yauwa" misali, ka miƙa masa guntu daidai gefen cinyarka, ba a gabanka ba, domin inda lada ke fitowa can kare ke komawa. Da farko duk taku biyu ko uku, daga baya duk biyar, duk goma, a hankali. Igiya na miƙewa ka tsaya cak, hannu a manne da ciki, kada ka fizge shi, kada ka yi tsawa. Ka jira ya waiwayo ko ya ja da baya taku ɗaya, sai ka ci gaba. Idan ya kafe yana kallon abu fiye da daƙiƙa goma, ka kira shi ka juya baya, ku yi taku biyar, sannan ku sake dosar wurin. Isa wurin da yake son shinshinawa da sakakkiyar igiya lada ce da sau da yawa ta fi abinci daraja a wurinsa.

Kuskuren da aka fi yi uku ne, kuma na ukun ya fi ɓarna. Ana jinkirta lada har karen ya riga ya yi gaba, sai ya zama ladar yin gaba aka ba shi. Ana naɗe igiya a hannu ana tafe da ita a ɗame, kare kuwa idan ya ji an ja shi turjewa yake yi. Sannan mutanen gida ba sa bin doka ɗaya, wannan ya tsaya, wancan ya bi shi a guje. Akwai kuma igiyar nan mai naɗe kanta cikin akwatin roba: kada a haɗa ta da koyon tafiya, domin sai an ja take bayar da tsawo, wato darasin da ake son gogewa shi take koyarwa. Siririn zarenta kuma yana yanka yatsa da ƙafa idan kare ya zabura.

Matsalar ita ce a makonnin koyo tafiyar ba ta nisa, karen kuma yana buƙatar ya huce ƙarfinsa. A nan zoben baya ke da amfani. A fili marar motoci, a maƙala doguwar igiya ta mita biyar zuwa goma a baya, a bar shi ya yi sassarfa, ya kewaya, ya shinshina son ransa. Doguwar igiya ba ta zuwa ƙirji ko wuya ko kaɗan, domin karen da ya kwaso gudu ya kai ƙarshenta zai iya wuntsilawa. Minti ashirin na irin wannan kafin darasi yana rage rawar kai sosai.

Wanda kuma yake son ja na gaske, kare a gaba yana jan mai gudu a baya, wannan wasa ne mai zaman kansa da ake kira kanikuros, kuma kayansa daban ne. Ɗamarar ja doguwa ce, wurin maƙala igiyarta yana can kusa da gindin wutsiya, don ƙarfin ya bi tsawon jiki. Igiyar tana da roba a ciki mai shanye fizga, tsawonta kimanin mita biyu idan ta miƙe, kuma a bel mai faɗi da ke zaune a ƙugun mutum ake ɗaura ta, ba a hannu ba. Front Range gajera ce, zobenta na bayan kafaɗa kaɗan. Idan kare ya daɗe yana ja da ita, igiyar da ke tashi sama zuwa hannun mutum tana ɗaga bayan ɗamarar, gaban ya matso gindin wuya, maɗaurin ciki ya ci hammata. Za ta jure ɗan ja na lokaci-lokaci, amma ba ta gudun kilomita biyar ana ja ba ce. Bambancin kayan ma alheri ne: doguwar ɗamara da kalmar "mu je" na nufin ja, Front Range na nufin tafiya a sake. Sai dai kada a fara wannan wasa da kwikwiyo. Ƙasusuwan kare ba sa gama ƙosawa sai wajen wata 12, manyan iri har wata 18 ko fiye. Mai ciwon ƙugu, mai ƙiba da mai gajeren hanci sai likitan dabbobi ya duba su tukuna. A yi shi da sanyin safiya ko na yamma, a kan ƙasa ba kwalta ba, domin kare da haki yake fitar da zafin jiki, ja kuma yana ninka masa zafin.

Sauran aibobinta ƙanana ne amma gara a san su kafin a saya. Ramin wuya ba shi da maɓalli, dole sai ta kai za ta shiga, kare mai tsoron a taɓa masa kai zai riƙa gudunta. Ana shawo kansa da riƙe guntun abinci ta cikin ramin har ya riƙa zura kan da kansa, kwana uku ko huɗu kafin a fara danna maɓalli. Kare mai firgita, ko mai siririn kai da zurfin ƙirji, yana iya ja da baya ya zare jiki ya bar ka da ɗamara a hannu. Irin wannan kare, ɗamarar Web Master ko Flagline, su ma na kamfanin Ruffwear, sun fi dacewa da shi, domin suna da ƙarin maɗauri a bayan haƙarƙari. Ba ta da mariƙi a baya na ɗaga kare ko riƙe shi kusa. Kunnen ƙirji, da yake ba ƙarfe ba ne, ƙugiyar igiya na cin sa a hankali, a riƙa duba shi ko zare ya fara tashi. Sosonta na riƙe zafi da ruwa. Ba ɗamarar mota ba ce, kada a dogara da ita wajen ɗaure kare a kujera. Kada kuma a bar ta a jikinsa yini guda a gida: maɗauran gaba suna daidai bakinsa, kwikwiyo mai ƙaiƙayin haƙori zai raba su biyu kafin ka ankara. Dama kowace ɗamara tana ɗan rage miƙewar kafaɗa. Wani bincike da ya fito a mujallar Veterinary Record ya ga haka har a irin waɗanda ake cewa ba sa takurawa. Wanki da hannu, da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa.

Idan aka ajiye Front Range kusa da ɗamarar Easy Walk ta kamfanin PetSafe, kowacce da inda ta fi. Easy Walk siraran maɗaurai ce kawai, da wanda ya gitta ƙirji a kwance yana tsukewa idan aka ja, don haka ta fi Front Range karya ƙarfin mai ja. Amma maɗaurin nan a kan kafaɗa yake zaune, ba shi da soso, ya fi saurin guga, kuma bai dace da gudu ko doguwar tafiya ba. Ragamar kai irin su Halti da Gentle Leader ta fi su duka ba da iko, kamar dai ragamar doki, inda kai ya juya jiki zai bi. Ita ce ta dace da mutum mai ƙaramin jiki da ke riƙe da babban kare, sai dai karnuka da yawa ba sa son ta sai an saba musu da ita a hankali na mako ɗaya ko biyu, kuma fizga da ita na iya murɗe wuya.

Front Range ta dace da kare mai matsakaicin ja wanda mai shi ya shirya yin darasin tsayawa, da karen da ya riga ya iya tafiya ake neman abin da zai sa kullum, da duk wanda wuyansa ko idonsa bai kamata a matsa ba. Mai babban kare mai tsananin ja ya haɗa da igiya mai ƙugiya biyu tun ranar sayen, ya kuma gwada ɗaurin a cikin gida kafin ya fita da shi bakin titi.